Randar da Ta Ƙi Fita Daga Allo

Wani ne a unguwarmu, can saman tudu, inda matakala ta fi titi yawa. Sunansa ba zan faɗa ba, 'ya'yansa na neman aure. Katanga ɗaya ta raba rufin gidana da nasu, don haka abin nan ba ji na yi ba, gani na yi. Ku ci gaba da ɓare tafarnuwarku, kunne ba ya hana hannu aiki.

Shekara ashirin da shida ya yi a wani kamfanin jiragen ruwa nan Busan, bai taɓa ce wa na gaba da shi a'a ba. Da ya yi ritaya sai suka tare a gidan surukarsa, Pyo Mal-sun, shi da matarsa Hye-ran. Aikinsa ɗaya ne. Ya hau rufi da sandar golf ɗin da aka ba shi ranar sallama, ya yi ta dukan iska. Filin wasan bai taɓa taka shi ba. Iska kawai yake duka, ita ma wani lokaci ya kuskure ta.

A rufin nan randunan Mal-sun suke, guda bakwai. Ta tsakiya gado ce daga uwar mijinta. Ta sa an wanke ta an kife, tana jiran ranar doki ta watan farko, ranar sa'a a kalandarmu ta gargajiya, ta jiƙa daddawar wake ta shekara. Saura kwana goma. Ita kanta gwiwa ta hana ta hawa rufi sai da babban dalili.

Ina shanya kifi na ji ƙwal. Na leƙa ta tsakanin kifayen. Gogan ya samu abin da ya fi iska. Cikin randar gadon ya ɓalle kamar faɗin faranti. Ya tsaya riƙe da sanda, ya dubi hagu, ya dubi dama. Sannan ya tsince gutsattsarin ya zuba a jakar golf, ya juya ɓaragurbin gefen ya kalli katanga, ya lulluɓe randunan duka da tabarmar kara, wai mai kula da kayan mutane saboda sanyi.

Ni ban kai ƙara ba. Ba halina ba ne.

To, gidan kwamfutar hannu ɗaya gare su, irin mai faɗin nan, kullum tana jingine da tukunyar shinkafa a kan tebur. Hye-ran da ita take cefane. Mal-sun kuwa irina ce, ba ta iya karatu ba. 'Yarta ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana, ta faɗi sunan mawaƙin da take so, allon ya kawo mata shi. Shi gogan wayarsa ƙarama ce, idonsa ba ya ganin rubutunta. Sai ya ɗauki allon ya shige banɗaki ya kulle, yana neman randa sak irin wadda ya fasa.

Duk shagon da ya buɗe sai wani ɗan akwati ya fito yana neman izininsa. Ba ya karantawa. Ya danna "Na amince da duka", har da ɗan sunkuyar da kai. Shago arba'in ya leƙa, sau arba'in ya amince. Bai samu irin ta gadon ba, ya fito.

Da safe suna karin kumallo, Mal-sun ta kira mawaƙinta. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, sai ga randa ta cika allo. Aka wuce ta, sai wata a gefe. Wata a ƙasa. Miyar ganyen teku ta bi wa gogan ta hanci.

"Allon nan ya san lokaci," in ji tsohuwa. "Ya san ranar doki ta matso." Ta dube shi. "Ka lulluɓe min randunan kuwa?"

"Na lulluɓe, Inna."

"Ɗan kirki. Ƙara shinkafa."

Bai ƙara ba. Ya sauka tudu wajen Du-sik mai aski, wanda ya san komai tunda kowa na zuwa masa da kai. Du-sik ya saurara yana wasa aska, sannan ya yi masa bayani. Wai duk shagon da ka leƙa a intanet sai ya manna maka 'yar alama a bayan riga, kukis ake ce mata. Da ita masu talla ke gane ka duk inda ka shiga.

"Kuma da hannunka ka ba su bayanka," in ji Du-sik. "Ba ka ga wurin da aka rubuta 'Ban amince ba'?"

"Na gani. Amma mutum ya tambaye ka cikin ladabi, ka ce masa a'a?"

"Ba mutum ba ne, wawa. Akwati ne."

"Ai akwatin ma wani ya aiko shi."

Du-sik ya nuna masa a wayarsa. Ka shiga saituna, ka shiga ɓangaren sirri, ka danna goge. Ya ce ya zaɓi na kwana ɗaya kawai. Gogan ya dawo gida ya zaɓi na tun ranar da aka sayi allon, don shi in zai yi shara ba ya barin lungu. Da ya gama ya huro masa iskar baki, ya goge fuskar allon da bakin rigarsa.

Randa ta tafi. Amma ba ita kaɗai ta tafi ba. Shagon cefanen Hye-ran ya manta ta. Kwandon da ta yi kwana uku tana cikawa ya zama wayam. Aka ce ta sa kalmar sirri, ita kuwa rabonta da ita shekara uku. Na jiyo muryarta har rufina. Ranar nan shinkafa da ruwan zafi ya ci, ya ce ma sun yi daɗi. A ransa dai ya huta.

Washegari da hantsi ya leƙa allon. Randa. Wannan karon guda ɗaya ce tak, ƙatuwa, ruwan ƙasa, da zanen yatsun magini a cikinta kamar igiyar ruwa. Ta fi wadda ya fasa girma nesa ba kusa ba. Ya goge. Kashegari ga ta. Ya sake gogewa. Ta dawo, ita ɗin dai, ko ƙanwarta ba ta aiko ba.

Ya shiga saituna ya toshe kukis ɗin gaba ɗaya. Shagon Hye-ran ya ƙi buɗewa sam. Ta sake buɗe kukis ɗin da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ludayi. Ya yanko filasta ya liƙe idon kyamara, wai ta fuska ake gane shi. Ya daina ambaton rufi a gaban allon. In zai wuce tebur sai ya juya baya. Rana ɗaya har cikin buhun shinkafa ya binne shi, tsohuwa ta tono abinta ta karkaɗe.

A rana ta shida sai wata dabara ta zo masa. Ya ce ai tsohuwar ta haura tamanin. Ƙila ma ba ta tuna randunanta bakwai ne ko shida. Ya koma banɗaki ya rubuta: a shekara nawa tsofaffi ke fara mantuwa? Ya ƙara: shin mai shekara tamanin da ɗaya na iya manta yawan kayanta? Akwatuna suka fito suna neman izini. Hali zanen dutse. Ya amince da duka. Kafin ya goge, Hye-ran ta buga ƙofa tana tambaya ko a ciki zai yi sabuwar shekarar baɗi.

Da safe tsohuwa ta kira mawaƙinta. Sai ga hoton wata tsohuwa a keken guragu, wata ma'aikaciya na tura ta, dukansu suna dariya kamar an biya su. Ga gadaje fari fat a jere. Ga lambu da ba a shuka ko barkono ɗaya a cikinsa ba. Wannan ba sai da karatu ba, gidan ajiye tsofaffi ne.

Mal-sun ta ajiye cokali. Ta shiga ɗaki ta sa kayan bikinta, ta ƙulle ƙunshinta, ta zo bakin ƙofa ta zauna da takalmi a ƙafa.

"Ƙarfe nawa za su zo ɗaukata? Kada in sa su jira, matakalar nan da wuya."

Hye-ran ta karanta tallan, ta dubi mijinta. Ni da nake bayan katanga sai da na ja da baya. Ta tuna masa gidan wa yake zaune, shinkafar wa yake ci, da wanda ya goya masa 'ya'ya biyu yana can yana ce wa shugabansa to. Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Ya rantse shi bai san komai ba, allon ne ya haukace. Ya yi wa tsohuwa tausar kafaɗa har azahar. Ya sauka kasuwa ya hauro da haƙarƙarin naman shanu. Sai da ta suɗe ƙashi na huɗu sannan ta cire takalmi.

Saura kwana biyu, ya koma wajen Du-sik kamar kazar da aka tsoma a ruwa. Ya ce ko aljani ne a cikin allon.

"Aljanin da ke sayar da randa?" in ji Du-sik. "Ka buɗe shafin sirri kawai. Duk abin da ka yi a ciki, da ka rufe, shi ke nan, allon ba ya riƙe shi."

"Ba wanda zai sani?"

"Allon dai ba zai tuna ba."

Gogan rabin farko kawai ya ji. Ya dawo ya buɗe shafin sirri, ya ga ya yi baƙi ƙirin, ya ce yauwa, yanzu aka zo wurin masu rufin asiri. Shago ya baje masa randuna iri-iri. Har da ƙatuwar nan mai zanen igiyar ruwa. Ya harare ta. Ya ce ke kam ko kyauta ne ba na so, kin isa da ni haka. Ya zaɓi wata 'yar madaidaiciya wadda zai iya runguma shi kaɗai ya haura da ita rufi ba tare da nishi ba. Ya sa adireshin gida, ya biya, ya rufe shafi.

A tunaninsa tunda ta shafin sirri ya saya, a asirce za a kawo. Wani mai baƙaƙen kaya zai zo ta bayan gida, ya ɗan yi tari, ya miƙa masa, ya ɓace. Washegari har ya je ya tsaya a lungun baya tun safe yana jiran tarin.

Da tsakar rana mai kawo kaya ya iso gindin tudu. Ƙato ne, mai murya kamar ta jirgin ruwa, ga jar riga. Matakala ɗari da goma sha biyu ce zuwa gidan. A kowace ashirin sai ya sauke kwali ya tambayi mutane ina gidan wane, mai randa. Kwalin kuwa da hoton randa a duk gefe huɗu. Kafin ya kai sama, mai wankin kaya ta biyo shi, da mai sayar da awarar tofu, da tsofaffi uku masu wasan kati. Du-sik ma ya bar wani da rabin aski ya taho. Ni dama ina sama, wurina ya fi na kowa.

Mai kaya ya daki ƙofar gaba ya ƙwala sunan gogan sau uku. Mal-sun ce ta buɗe. Ya dire kwalin a gabanta, ya ɗauki hoto, ya ce yanzu za a aika wa lambar matar gidan shaida, ita ce a rajistar adireshin. Daga kicin muka ji wayar Hye-ran ta yi ƙara.

Gogan ya zagayo daga lungu yana jan ƙafa. Ya tsaya gaban surukarsa, hannu biyu a haɗe.

"Inna, akwai maganar da nake so in yi. Kwana tara da suka wuce, a rufi..."

"Gwiwa ce ta lalace min, ba kunne ba," in ji ta. "Buɗe."

Ya yage kwalin. Ta zagaya randar sau ɗaya. Ta ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa ta saurara. Ta auna bakinta da tafin hannu, ta auna tsayinta da gwiwarta mai ciwo. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Kwana takwas kullum da safe ina ce wa allon nan babbar randa, ina danna maka ita, kana gogewa ina mayarwa. Shago arba'in ka ce musu to. Ni kaɗai ka iya ce wa a'a?"