Uban Makafin Al-Azizya

Duk wanda ya ce alheri ya ƙare a duniya bai taɓa bi ta unguwar Al-Azizya, can ƙasa mai tsarki, ya ga Alhaji Saifuddeen ba. Shi ne mai mat'am ɗin nan, wato gidan abinci, na bayan kantin magani, inda ake sayar da shinkafar Larabawa, mandi da kabsa, ranar Juma'a kuma a yi waina da miyar taushe don 'yan gida. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai. Da bakinsa yake faɗa, kullum kuwa. Hotonsa na bakin ƙofa ya fi ƙofar tsawo.

Da zai buɗe wa mat'am shafin intanet, sai ya ga rubutu abin talakawa ne, ya sa aka yi komai da hoto. Ga mandi, Alhaji na riƙe da faranti. Ga kabsa, Alhaji na nuna ta da yatsa. Har farashi a cikin hoto yake, kusa da zoben Alhaji.

Abokina Rabo, Allah ya jiƙansa, makaho ne tun yana ƙarami. Aikin amsa waya yake yi a wani kamfanin motocin ziyara, wayarsa kuma ita ke karanta masa duk abin da aka rubuta, da sauri kamar mai gulma. Da matarsa Safiyatu ta kwanta rashin lafiya, sai ya so ya yi mata odar mandi da hannunsa, ta ji an ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da ya roƙi kowa ya duba masa ba. Ya buɗe shafin Alhaji. Waya ta ce: "Hoto. Hoto. Hoto."

"Ya akhi," ya ce mini yana dariya, "gidan abinci ne wannan ko gidan ɗaukar hoto?"

Ya kira mat'am ya yi bayani cikin ladabi. Alhaji na jin kalmar makaho, zuciyarsa ta narke. Ya aika da tiren shinkafa sadaka, tare da mai ɗaukar bidiyo. Rabo ya mayar da tiren, ya kai ƙara.

Ranar zaman sulhu, ƙamshin turaren Alhaji ya riga shi shiga ɗaki.

"Ni za a kai ƙara? Ni da ake kira Uban Makafi?" Shi ya raɗa wa kansa sunan, a mota, kan hanyar zuwa. "Wallahi babu makahon da ya taɓa tsayawa a ƙofata ya tafi hannu rabbana."

"Alhaji," in ji Rabo, "ba a ƙofa nake son tsayawa ba. Ciniki na zo yi."

Aka tsayar da magana: a gyara shafin yadda makaho zai yi oda da kansa. Lauyan Alhaji ya raɗa masa cewa abin ba wuya, a rubuta sunan abinci da farashinsa a ƙarƙashin kowane hoto, khalas. Alhaji ya dube shi da tausayi.

"Wannan ai kowa zai iya. Abin da zan yi, ko a Jidda ba a taɓa yi ba."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Alhaji ya sa aka buga masa jerin abinci da rubutun makafi, mai ɗigo-ɗigon nan da ake shafawa da yatsa. Ya riƙe takardar a ƙirji, aka ɗauke shi hoto da ita, aka ɗora a shafin.

"Yanzu makaho sai ya shafa wayarsa ya karanta," in ji shi. Ma'aikatansa suka ce masha Allah, don iƙamarsu, wato takardar izinin zamansu a ƙasar, a hannunsa take.

Rabo bai ji labarin wannan ci gaba ba. Zazzaɓi ne ya ɗan kwantar da shi, sai ga mu mun kai shi maƙabartar Baƙi'a bayan la'asar. Har yau in na ji waya tana magana da sauri a cikin bas, sai na waiga.

Alhaji ya shirya bikin buɗe sabon shafi, da gahawa da dabino da lasifika, da kujera a gaba mai ɗauke da sunan Rabo. Uba bai san ɗa ya rasu ba. Safiyatu ta ba ni wayar mijinta, ta ce in je in ji masa ko an gyara.

Da na faɗa wa Alhaji, ya yi salati, ya jira mai bidiyo ya juyo, ya sake yi. Sai ya hango wayar.

"Ta marigayi ce? Tayyib, sa ta a bakin lasifika, jama'a su ji abin da na yi masa."

Na buɗe shafin. Ga Alhaji ya cika fuskar wayar, da murmushi da zobe da takardar ɗigo-ɗigo. Na ɗora yatsa yadda Rabo ke yi.

Waya ta ce: "Hoto."

Na matsa ƙasa. Ta ce: "Hoto."

Alhaji ya waiga yana neman mai cewa masha Allah. Ita kuwa wayar, iƙamarta ba a hannun kowa take ba.