Yadda Na Ramar Da Ɗan Dakta Mansur

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da aikin da Dakta Mansur ya ɗora min a shekarata ta biyu a Kuala Lumpur. Lokacin ina digiri na uku a fannin kimiyyar motsa jiki. Kafin in zo kuwa, na yi shekara shida ina horar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Gusau (mun taɓa cin kofin kansila, kuma duk wanda ya zauna da ni minti goma sai ya ji wannan labari). Shi ya sa 'yan uwa ɗalibai suka laƙaba min Koci, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Dakta Mansur malami ne a wata jami'a da ke Bukit Jalil, ya daɗe a ƙasar, har 'ya'yansa sun fi jin Malay a kan Hausa. Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Jalan Semarak ya ja ni gefe.

Ya ce, "Koci, so nake ka duba min yaron wajena, Hakim. Wani malaminsu Ba'amurke ya sa shi a wannan ƙwallon nasu mai hular kwano. Wai wata jami'a a Amurka tana son ganinsa, za ta iya ba shi scholarship. Nan da wata biyu za a auna shi a tura musu. Ni kuma contract ɗina ya kusa ƙarewa. Ka faɗa min gaskiya, yaron zai kai labari ko ɓata lokaci ne?"

Amsar gaskiya ita ce ban san wasan ba. Amma mutum ya kira ka Koci a gaban jama'a, ga wasu sun kasa kunne, ta ina za ka fara? Na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, ai wasa duk wasa ne. Bar min shi."

A jirgin LRT na fara karatun. Na buɗe bidiyo a waya, abin ya ɗaure min kai ya kuma burge ni. Ƙwallo kamar gwanda, mutane su yi ta shawara, su yi wasan daƙiƙa biyar, su koma shawara. Idona ya bi masu gudu da ƙwallo, don su kyamara take bi, sirara masu sauri kamar 'yan wasan gefe. Akwai wasu ƙatti a tsakiya da suke duƙawa su yi ta ture juna, na yi ta mamakin yadda mutum zai yi awa uku a fili bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Na yanke hukunci a raina cewa waɗannan su ne waɗanda aka rasa yadda za a yi da su.

Ranar Asabar na ga Hakim. Shekararsa goma sha bakwai, amma sai da ya sunkuya ya shigo ƙofar falon gidansu. Ya durƙusa ya gaishe ni, a durƙushen ma kanmu kusan ɗaya. Na tambaye shi wurin da yake bugawa, ya ce shi lineman ne, wato cikin ƙattin nan na tsakiya. Na ji tausayinsa har cikin raina.

Na kai shi filin shaƙatawa na unguwar da agogona da takarda. Na sa shi gudun minti goma sha biyu, irin wanda nake sa yarana a Gusau, bai kai bakwai ba ya kama gwiwa. Akwai dai abubuwan da suka ba ni mamaki. Tafin hannunsa ya rufe takardata ruf. Takunsa uku na farko kuma, kafin in danna agogo ya riga ya wuce ni. Har na ce ya sake sau huɗu don in gano ta yaya jiki kamar wannan yake zabura haka. Na rubuta abin a ƙasan shafi, na ja layi na ƙara da cewa ba shi da wani amfani.

Rahoto na yi mai shafi shida, har da zane. Taƙaitawarsa: yaro yana da ladabi, amma ƙiba ta yi masa yawa, in ya rage za a iya fitar da shi daga cikin masu ture-ture a ba shi ƙwallo. Na hana shi nasi lemak, shinkafar kwakwar nan tasu, na hana shi gurasar roti, na soke tuwon dare. Kullum da safe gudu. Na tambaye shi ko ya gane. Ya buɗe baki, ya kalli babansa, ya rufe.

Ya ce, "To, Kawu."

Mahaifiyarsa ce kaɗai ta yi ƙorafi. Ta kira matata ta ce wai a tambaye ni ko horo ake yi ko jinya, don wandunan yaro sun fara zamewa. Na ce a gaya mata alamar nasara ke nan. Makarantarsu tana hutu a lokacin, malamin nasu ya tafi gida, babu mai taka min burki.

Ranar awo na sa shaddata mai ruwan ƙasa, na ɗauki rahotona a jaka, don na tabbata Ba'amurken zai nemi kwafi. Wani dattijo ne gajere mai jan wuya. Ya hango Hakim daga nesa, murmushinsa ya ɗauke. Ya ɗora shi a ma'auni, ya duba, ya sauke shi, ya bubbuga ma'aunin, ya sake ɗora shi. Kilo goma sha ɗaya sun tafi.

Da Turanci ya tambaya ko yaron ya yi rashin lafiya ne. Ya ce jami'ar nan nauyinsa da tsawon hannunsa da zaburarsa ta gani ta neme shi. Ya ce aikin lineman shi ne ya zama katanga, ya kare mai jefa ƙwallo, kuma shekara biyu ya yi yana gina wannan jikin. Sannan ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Hakim ya sunkuyar da kai. Dakta Mansur ya juyo ya dube ni. Ni kuwa, maimakon in nemi gafara, sai na ji bakina yana bayani a kan amfanin sauri a wasannin zamani.

Dattijon ya saurare ni har na gama. Ya ɗauko wani ƙaton filo mai mariƙi biyu da suke atisaye da shi, ya miƙa min, ya ce in tsaya in riƙe da kyau. Ya ce wa Hakim ya ture ni, rabin ƙarfi kawai.

Hakim ya duƙa ya ce, "Sorry lah, Kawu."

Abin da na sani shi ne na ga sama. Hulata ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, shafuka shida suna yawo a iska. Iyayen yara, Malay da 'yan China da Indiyawa, duk suka miƙe suna leƙe. Wata mata har da tambayar ko a kira motar asibiti. Dattijon ya tsaya a kaina ya ce, "Wannan fa da yunwa a cikinsa ke nan."

Faɗuwar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Jami'ar ta ga awon, ta ɗauki wani yaron. Sai da Hakim ya jira shekara guda cur, yana ci yana ɗaga ƙarfe, kafin wata ƙaramar jami'a ta karɓe shi bayan iyayensa sun riga sun tattara sun koma Kano sun bar shi a Kuala Lumpur. Dakta Mansur bai taɓa yi min maganar ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana jibi Hakim zai tashi zuwa Amurka na kai shi mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa, a Brickfields, na ce ya ci duk abin da ransa yake so. Yana kan faranti na uku na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Hakim, ka san abin da na sa ka ba daidai ba ne?"

"Tun first day, Kawu."

"To me ya hana ka faɗa min?"

Ya goge hannu ya ce, "Abba ya ce ba a gyara wa babba magana. Kuma I thought ko akwai wani sirri da kuka sani a Nigeria."

Na ajiye shayin da ke hannuna. Yaro ya yi wata biyu yana kwana da yunwa, yana kallon damarsa tana zubewa, don kada ya kunyata ni, ni kuma na kasa furta "ban sani ba" don kada a daina ce min Koci.

Yanzu ina koyarwa a gida. Duk ɗalibin da ya ce min "To, Malam" da sauri, sai na tsayar da shi na ce ya faɗi abin da ya haɗiye. Wasu har sun samu sake, suna gyara min magana a gaban aji. Yana da zafi, amma bai kai faɗuwa da shadda a gaban 'yan ƙasa uku ba.