Injin Jirgin Jeom-rye Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, tsohuwa Mun Jeom-rye, matar marigayi Bang Chil-bok mai noman ciyawar teku, tana sanar da mutanen tsibirin nan, su tara da suka rage, rasuwar injin jirginta. Ita ta faɗa da bakinta, tunda ba ta iya rubutu ba, ta kuma ce mai unguwa ya karanta a lasifika kada ya rage ko kalma, don kunnenta ƙalau yake.

Marigayin, wato injin, ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar ruwa, tsakanin nan da ƙaramin tsibirin da kabarin maigidanta yake. Ya yi tari sau biyu, ya ce "tuf... tuf," ya yi shiru.

Chil-bok ne ya kawo shi gidan yana sabo fil. Aka rataya masa busasshen kifi da farin zare, aka zuba masa giyar shinkafa, ita kuwa aka ce ta tsaya a gaɓa, wai ƙafar mace ba ta yi wa jirgi kyau. Haka ta tsaya har gashinta ya yi fari. Da maigidan ya mutu, ɗansu Yong-gil ya zo daga birni ya ce ta haɗa kaya. Ta ce tana da jirgi. Ya yi dariya ya ce, "Mama, in kika iya tayar da shi, ki zauna."

Washegari ta tayar da shi. Ba wanda ya gaya mata ana sa shi a firi kafin a ja igiya, sai ga jirgi ya zabura, ita kuma tana kwance ƙafafu a sama. Ta so zuwa dama, ta tura hannun injin dama, jirgi ya yi hagu. Ta dinga taka ƙasan jirgi tana neman birki har ta shige gonar da tsoho Pyo ke kiwon kawa, dabbar teku mai ɓawo. Pyo ya yi ta ba da labarin shekara da shekaru. Ta riƙe wannan.

Marigayin bai taɓa yi mata dariya ba. Shi ya koya mata komai, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Cewa jirgi ba shi da birki, tun daga nesa ake rage wuta a bar shi ya sulale zuwa gaɓa. Cewa inda kike so ki je, ɗaya gefen za ki tura hannu. Cewa ana ɗaura jar igiyar da ke jikinsa a wuyan hannu, in kin faɗa ruwa ya mutu, kada ya dawo ya yanka ki da farfela. Cewa da an tayar da shi sai a leƙa baya a ga yana fitsari, wato yana fitar da ruwan da ke sanyaya shi. In ruwan ya tsaya, cikinsa na ƙonewa ne. Ta so ta bar wa wani wannan ilimi, ta duba gari kaf, mafi ƙanƙanta a cikinmu ya ba saba'in baya.

Ba mai ƙiwuya ba ne. Da sanyin safe yakan yi gunaguni, "hurr, hurr," sai ta ce masa, "Tashi, tsoho, kai ma ka koyi halin Chil-bok?" Daga nan sai ya kama waƙa. Tun da Chil-bok ya tafi, wannan ce kaɗai muryar da ke amsa mata.

Ciwonsa ya daɗe. Fitsarin ya dinga raguwa tun bazara. Ta aika wa makanike, ya ce ba zai hau jirgin fito saboda inji guda ba. Ta zura wa injin wayar ƙarfe a kafar fitsarin, ta wanke shi da ruwan rijiya, ya ɗan samu sauƙi. Ranar Talata bai ƙara tashi ba. Da filafili ta dawo gida, hannuwanta duk sun ɗaye.

Tana so a sani, marigayin ya tafi yana bin mutane bashin alheri. Shi ya kai matar Pyo asibiti ranar da jirgin fito ya ƙi tashi. Shi ya jawo jirgin mai unguwa da raga ta naɗe masa farfela. Amma da Pyo ya hango ta tana tuƙi da filafili, bai fito ba. Waya ya ɗauka ya kira Yong-gil. Ta dai ji, ta adana.

Yong-gil ya ce ba za a sayi wani ba. "Yarjejeniyarmu ke nan, Mama. Ba inji, ba zama." Ba ta taɓa cin alkawari ba, ba kuma za ta fara da ɗanta ba. Zai iso ranar Juma'a ya tafi da ita. An ce ɗakinta a hawa na goma sha huɗu yake, tagarsa na kallon wani bene.

Marigayin ya bar jirgi ɗaya mai tabon kawa a hanci, da farfela mai haƙori biyu da rabi, da jar jarkar mai, da tsohuwa guda.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis in ruwa ya cika. Za a tsiyaye masa baƙin mai tas, a zuba masa giyar shinkafa kamar ranar da ya zo, a ɗaura masa sarƙa a saukar da shi ƙasan ruwa a daidai inda jirgin gidan Bang ke tsayawa. Jar jarkar za ta yi iyo a samansa. Kowa ya san dokar garin nan: muddin alamar mutum na kan ruwa, wurin nasa ne. Pyo ne zai ɗauki gawar, shi kuma zai riƙa kankare wa jarkar datti, ya nome ciyawar kabarin Chil-bok kafin bikin kaka. In ya yi haka, sun rabu lafiya.

Ana karɓar gaisuwa a gida har safiyar Juma'a. Kada a kawo abinci, ba mai ci. Bayan nan, wanda ya makara ya tsaya a gaɓa ya gaida jarka.