Hakimin Tsibirai a Wurin Neman Aurena

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da muka je unguwar Ka'akiyya neman auren Ruƙayya ba. Lokacin ban daɗe da dawowa Makka daga Sikotlan ba, inda na yi karatun tarihi, kaina kuma a kumbure yake. Binciken da na yi a kan wani hakimi ne da ya riƙe tsibiran arewacin ƙasar shekaru ɗaruruwa da suka wuce. (Mahaifiyata har yau cewa take an tura ni ƙasar sanyi in koyo gulmar matattu.)

Tun muna barin unguwarmu ta Utaibiyya Kawu Haruna ya ja mini kunne a mota. "Yau kai ɗan rakiya ne. Mai neman aure ba ya magana. Ka gaida mutane, ka sha gahawarka, ka kalli kafet. Khalas, shi ke nan." Ya san halina. Ya kuma san Baba Idi, mahaifin Ruƙayya, dattijo mai shagon turare wanda iyayensa suka shigo Makka daga ƙasar Hausa ta Sudan. Dattijon ya riga ya mayar da manema kafin ni, wai idonsu a tsaye yake. Ni kuwa ina son yarinyar nan kamar in yi hauka.

Wallahi na yi ƙoƙari. Na duƙar da kai kamar mutumin kirki. Kawu ya gabatar da buƙata, Baba Idi ya saurara, fuskarsa ta fara saki. Sai ya juyo gare ni, don kara kawai, ya ce, "Ya waladi, ɗana, me ka karanto a can?"

Amsar kalma ɗaya ce. Ni kuwa sai na gyara zama.

Na ce ai wani hakimi ne, ubansa ɗan asalin Sikotlan, uwarsa jinin mutanen Norwe masu jiragen ruwa. Sarakuna biyu ne a kansa, kowanne yana karɓar mubaya'arsa, babu kuma wanda ya yarda da shi. Baba Idi ya ajiye carbi ya ce, "Subhanallah, ashe irinmu ne. A nan a ce mana Takari, wato baƙi, mu je Kano a ce 'yan Makka." Dattawa suka yi dariya. Wannan dariyar ita ce ta kashe ni, don ji na yi falon duka ya dawo hannuna.

Kawu ya taka mini ƙafa. (Na ɗauka tasa ce ta yi tsami, har na matsa masa.)

"Ai ba ku ji gwanintarsa ba, Ammi," na ce, wato Baffa da Larabci. "Matarsa ta fari 'yar wani babban na hannun daman sarkin Sikotlan ce. Da ya ga gidan surukan nan sun daina yi masa amfani, sai ya sallami 'yar mutane, ya auro 'yar wani gida da zai buɗe masa hanyar samun ƙarin ƙasa. Sarki ya ce ya mayar da ta farin, ya ce sam. Ya'ani mutumin nan ya san lokacin da ake sauya suruki! Wannan ita ce siyasa." Har da buga cinya na yi.

Yayan Ruƙayya da ke zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. A bayan ƙofa, ɓangaren mata, na ji faranti ya faɗi.

Baba Idi ya ɗauki carbinsa a hankali. "Tayyib. Duk cikin matattun duniya, shi ka zaɓa ka je ka zauna kana koyon halinsa?"

Maimakon in yi shiru, sai na ce bari in gyara. "A'a, Ammi, ai bai ji daɗi ba. Daga baya sarki ya kama ɗansa ya sa aka cire masa idanu."

"Masha Allah," ya ce. "Ga makomar 'yata, ga ta jikana." Sannan ya dubi Kawu ya ce za su yi shawara. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ya san inda shawarar take ƙarewa.

A mota, da muka kusa gida, Kawu ya dube ni. "Da na sani," ya ce, "da hotonka kawai na zo da shi." Ruƙayya kuwa saƙo ɗaya ta turo: "Ni ce 'yar mutanen?" Na zauna na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Sai da mahaifiyata ta yi ta sintiri Ka'akiyya wata da watanni, tana rantsuwa cewa ɗanta wawa ne amma ba mugu ba, kafin dattijon ya sauko. Ya ba ni Ruƙayya. Amma duk Juma'ar da muka je cin abinci, kafin in kai loma baki sai ya leƙo fuskata a gaban kowa ya ce, "Bismillah, Duktur. Har yanzu ina da amfani, ko an fara duba wani gidan?"

Ga abin da jami'a ba ta koya mini ba: akwai ilimin da ake bari a bakin ƙofar surukai tare da takalmi.