Ranar da na yaba jiƙon Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da abokina Nura ya ɗauke ni shaida gidansu a Daura, na je na kusa kashe masa sana'a da bakina.

Nura ya buɗe 'yar masana'anta a hanyar Mai'adua, yana haɗa wani abin sha da dawa irin na Jamusawa, ruwan ɗorawa garai-garai, mai kumfa da ɗan ɗaci, amma babu barasa ko ɗigo. Matsalar ɗaya ce, mahaifinsa ya ƙi sa albarka. Tsohon ya ce, "Abin da aka kira giya giya ne, ko an yi masa alwala." Nura kuwa ya rantse in Baba bai amince ba, zai rufe wurin, duk da ya sa ƙarfinsa gaba ɗaya a ciki.

Ni aka nemo saboda na taɓa zuwa Jamus kwas ɗin noman rani, kuma tun da na dawo ban bar kowa ya huta ba. (Gaskiyar magana, ruwa da shayi kaɗai na sha a can, don tsoro.)

Muka tarar da Baba a zaure kan darduma. Bayan gaisuwa Nura ya shiga ciki. Sai na hango kwalba mai tambarin masana'antarsa a gefen tsohon, da kofin gilashi. Na ce a raina, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Na tsiyaya, na ɗaga kofin wajen haske, na sunsuna, na kurɓa.

Ɗaci ya ratsa ni har kunne, idona ya kawo ruwa. Amma na daure saboda abota.

"Baba, wannan shi ne na asali," na ce. "Ka ga launin? Ka ji ɗacin nan da ke zama a maƙogwaro? Haka manyansu ke so. Ko a Jamus sai an tona kafin a samu irinsa."

Baba yana kallona, ni kuwa na ɗauka hujja ce ke shigarsa. Na ƙara rabin kofi.

Nura ya fito da tire, kwalabe masu sanyi a kai, ya tsaya cak.

"Ɗana," in ji Baba a hankali yana dubana, "jiƙona ne na basir. Hajiya ce ta zuba mini a kwalbar da ta tsinta. Ban san Jamusawa ma suna fama ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma abin da ya fi damuna fuskar Nura ce, don na ga shaidar da ya dogara da ita ta rushe.

Baba ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya dubi ɗansa. "Ka tabbata ba ya sa maye?"

"Wallahi Baba, ba ya sawa."

"To kai na yarda da maganarka, ba ta Bajamushe ba. Zuba mini."

Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska. "Bai kai nawa ɗaci ba. Allah ya sa albarka."

Har yau Bajamushe ake kirana a unguwar. Na koyi cewa kafin ka yabi abin da ke cikin kwalba, ka tambayi mai ita. Jiƙon dai, ba zan ɓoye ba, yana aiki, don zaryar banɗaki ta hana ni fita masallaci da yamman nan.