Babu Ruwa, Babu Hadari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya ƙarƙashin wani ƙyalle ina murmushi, na sanar da mutanen ƙauyenmu cewa bana ba za a yi damina ba. Ba da baki na fara faɗa ba, da manyan baƙaƙe ne, kuma da kuɗina aka buga su.

Abin ya samo asali ne daga Kawu Garba, yayan mahaifiyata, manomi a ƙauyen namu da ke kusa da Yargoje. Tun muna yara shanu ne bankinsa. Da satar shanu ta yi ƙamari a yankinmu, ya kora bijimansa biyu na huɗa da saniya guda zuwa kasuwar Kankara ya sayar, ya ce gara ya rabu da su idonsa biyu. Kuɗin nan su ne ƙarfin ƙuruciyarsa gaba ɗaya, kuma su yake sa ran za su riƙe shi ranar da fartanya ta gagare shi. Sai ya aika a kira ni, da yake ni malamin firamare ne.

"Kai da ka yi boko," in ji shi, "ina ake aje kuɗi su kwana lahiya, ba ɓarawo, kuma ba haram?"

Kaina ya kumbura. Mutumin da ake zuwa wurinsa neman shawara tun daga Mabai, yau shi ke tambayata. Sati biyu na yi ina latsa waya, har matata ta ce ko da wayar aka ɗaura mini aure. Na gano akwai wasu takardun gwamnati da mutum ke saya, a yi aikin hanya da kuɗinsa, a riƙa biyansa haya maimakon kuɗin ruwa. Ribar ba ta da yawa, amma ba ta faye saɓawa ba. Na koma na ce wa Kawu ya zuba kuɗinsa duka a ciki, kada ya rage ko sisi. (A lokacin, abin da ni mai ba da shawarar na tara bai kai kuɗin tunkiya ba.) Ya dube ni, ya ce, "To, mu gani."

Da na tsaya nan da asirina ya rufu. Amma da yake ni ne sakataren ƙungiyar manoma, na ga bai kamata wannan ilimi ya ƙare a zauren Kawu ba. Na shirya taron wayar da kai, na rubuta sanarwa a waya na kai wa mai buga ƙyalle a Kankara. Abubuwa biyu nake son mutane su gane: jarin nan babu kuɗin ruwa a cikinsa, kuma babu haɗarin asara. Wayata ba ta da “ɗ” mai lanƙwasa, ni kuma ban damu ba. Mai bugun ya karanta, ya ɗago kai.

"Malam, haka za a buga?"

"Haka," na ce. "Layin ƙarshen nan ma ka ƙara masa girma."

A wannan shekarar an yi shuka da wuri, sai ruwa ya ɗauke wajen sati uku. Masara ta fara naɗe ganye, gero ya yi laushi, kowa ka gani idonsa na gabas. Liman ya sanar da cewa za a fita roƙon ruwa da hantsi. Ni kuwa da na ji, sai na ce ga dama ta samu, tunda ba ranar da zan sake samun jama'a haka wuri ɗaya. Ana shafa addu'a na sulale na riga kowa dawowa, na ɗaure ƙyallena a katangar makaranta, daidai hanyar da za a biyo.

Har yau idan na tuna yadda suka taho tsikar jikina tashi take. Gari guda, tsofaffi da yara, babu mai magana. Maza sun juya rigunansu kamar yadda ake yi a wannan salla, wasu dattawa idonsu bai bushe ba. Ban taɓa ganin mutane sun ƙasƙantar da kai gaban Ubangiji haka ba. Ni kuma ga ni tsaye da gogaggen kaftani da biro biyu a aljihu, ina washe baki.

Suka tsaya. Wani ya shiga karantawa da ƙarfi, a hankali, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ƙananan rubutun sama bai ko dube su ba.

"Bana... babu ruwa... babu hadari."

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Ni kuma na ɗauka burge su na yi.

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Tabbas ne. Sati biyu na yi ina bincike, kuma gwamnati ce da kanta ta tsaya a kai."

Wata tsohuwa ta nemi tsari daga Shaiɗan. Liman ya matso, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce a hankali, "Malam, yaushe gwamnati ta hwara sanin gaibu?"

Sai a lokacin na juya na karanta ƙyallen da idon manomi. Ruwan sama, da hadarin da ke kawo shi. Mutane sun baro filin da suka yi kuka suna roƙo, ni kuma na tare su a hanya da amsa. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Lanƙwasa ce babu."

Kawu Garba ne ya cece ni. Ya ratso jama'a da rigarsa a juye, ya dafa kafaɗata.

"Ku yi mashi uzuri," ya ce. "Ruwan banki yake nuhi, da haɗarin hasara. Ɗan ƙanwata ne, ba annabi ba."

Dariya ta ɓarke, irin wadda mutane suka daɗe ba su yi ba. Har Liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Na so in naɗe ƙyallena in gudu, amma Kawu ya ce tunda an taru, a zauna ƙarƙashin darbejiya a ji ilimin. Na yi bayanina. Da na gama, ya gyara zama.

"To, Malam, in tambaye ka. In na ba su kuɗin masara buhu ashirin yau, ranar da za su maido mani, da ribar da komi, buhu nawa za su saya?"

Na ce ai lissafin da naira ake yi.

"Ni ba naira nake ci ba, tuwo nake ci. Buhu nawa?"

Ban sani ba. Sati biyu ina bincike, ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

"In kuma ciwo ya kama ni tsakar damina, za su ba ni kuɗina ran nan?"

Na ce sai dai a sayar da takardar, kuma yana iya ɗaukar kwanaki.

Ya gyaɗa kai, babu alamar yana son ya kunyata ni. Sannan ya yi maganar da har yau nake juya ta a raina. Ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin dukiyar da ba ta da mai cinta ba. Shanu ɓarawo ke cinsu. Hatsi a rumbu ƙwari ne ko wuta. Kuɗi a ƙarƙashin katifa 'yan uwa ne, har da ɗan ƙanwa. Takardar gwamnati kuma ba mai sace ta, amma tsadar kaya tana gaigayarta tana kwance.

"Abin da mutum zai yi," in ji shi, "shi ne kar ya bari mai ci ɗaya ya same su duka wuri ɗaya."

Ashe tun ranar da ya sayar da shanun ya gama rabonsa. Kashi ɗaya tumaki, ya ba 'yarsa da ke aure a Sabuwa da ƙanwarsa ta Faskari kiwo, gida daban-daban, a raba 'ya'ya. Kashi ɗaya zai jira kaka ya sayi masara ya ajiye a cikin garin Kankara. Kashi ɗaya a banki inda hannu zai kai ranar lalura. Na huɗun ne kawai yake nema wa wuri, kuma takardata ta yi masa. Abin da yake so daga gare ni shi ne in cike masa fom.

Na zauna ina kallonsa baki buɗe. Mutumin nan da babban yatsa yake sa hannu, kuma da na samu yadda nake so da na kulle masa ƙarfin shekara arba'in a ɗaki ɗaya na ba tsada makulli. Tsoro ya kama ni, kuma girmansa ya cika mini ido yadda bai taɓa yi ba.

Muna nan zaune iska ta juya. Wani ya ce a dubi gabas. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin, ya tokare sama tun daga ƙasa, yana tahowa a hankali da rugugi. Mutane suka miƙe tsaye, babu mai gudu, sai hamdala kawai kake ji ta ko'ina. Na ga Liman ya ɗaga hannu hawaye na zuba. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙyallena, daidai kan kalmar da ta rasa lanƙwasa, sannan iska ta tsinke igiyar ta yi gona da shi. Ruwan da aka yi ranar sai da ya cika kunyoyi.

Na cike wa Kawu fom, na kashi ɗaya tak. Kuɗinsa suna nan a gidajensu huɗu, wani ya ƙaru, wani ya ɗan rame, kuma tuwonsa bai yanke ba. Ƙyallen ma bai yi asara ba, Kawu ne ya tsinto shi, da shi yake rufe masararsa idan hadari ya taso. Ni kuwa na samu sunan da ko ɗalibaina suna faɗa a bayan idona, Malam Babu Hadari, kuma duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri sai an aiko a tambaya ko zan taimaka in sake buga wani. Yanzu kafin in ba kowa shawarar kuɗi nakan tambaye shi buhu nawa, kuma kafin in buga komai nakan kai wa Kawu a karanta masa da ƙarfi.