Ranar da Na Zama Mai Gas

Shekarar da kewar gida ta hana ni sakat, na sayo kwanon tagulla a unguwar Ma'adi ta Alƙahira, wanda ake zagaya bakinsa da sanda ya yi amo mai kwantar da hankali. Mai shago zai koya mini, na ce haba, kwano ne fa.

A barandata ta unguwar Hayyin Ashir na goga, na goga, shiru. Haushi ya sa na hau ƙwala masa sandar, na manta haka masu tallan gas ke shela a Alƙahira. Sai ga Hajiya maƙwabciyata ta sauko tana haki, janye da tukunyar gas.

Kewar tana nan. Har yau in na gaishe ta, sai ta ce, "Ɗan nan, yau babu gas?"